Kujerar hawa bene: lissafin da ya kamata a yi kafin a saya wa tsoho a Kumasi

Yawancin benayen da iyayenmu suka gina a Aboabo, Asawase da Sawaba tsarinsu ɗaya ne: ƙasa shaguna ko 'yan haya, sama mai gida da iyalinsa. Lokacin da aka yi ginin, gwiwa na da ƙarfinta. Yau Alhaji ya haura saba'in, sanyin ƙashi ya kama shi, ko Hajiya ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, matakalar da suke hawa a guje ta raba su da masallaci da gidan suna da jana'izar abokai. Shi ya sa 'ya'ya, musamman na Ingila da Jamus da Amurka, suke kawo maganar kujerar hawa bene. Niyyar mai kyau ce, amma kuɗin da aka gani a intanet ba shi ne kuɗin da za a kashe ba.

Kujera ce mai inji da ke tafiya a kan dogon ƙarfe. A jikin takun matakala ake ɗaure ƙarfen, ba a bango ba. Mutum ya zauna, ya ɗaura bel, ya danna, ta haura da shi a hankali, ba ta wuce santimita 15 a daƙiƙa. Idan ya sauka a naɗe ta. Yawanci tana ɗaukar nauyin kilo 120 zuwa 135, akwai kuma ta masu jiki da ke kaiwa kilo 160.

Siffar matakalarku ce ke yanke farashi, ba sunan kamfani ba. Idan miƙaƙƙiya ce daga ƙasa har sama, ƙarfenta a shirye yake, sai a yanka daidai tsawo, a kafa cikin 'yan sa'o'i. A Ingila, ƙasar kamfanonin Stannah da Acorn, sabuwa irin wannan takan fara daga wajen fam 2,000. Idan kuwa matakalar na da kwana, ko ta tsaya a tsakiya ta juya, sai an auna kowane taku an ƙera mata ƙarfenta ita kaɗai a masana'anta, kuɗin ya ninka ko ya fi haka. Mu kuma irin wannan ce ta fi yawa a gidajenmu: hawa takwas, ɗan fili, a juya, wasu takwas. Wasu kan sa miƙaƙƙu biyu, ɗaya ta kai tsakiya, ɗaya ta ƙarasa. Takan fi araha, amma sai tsohon ya tashi daga wannan ya koma waccan a tsakiyar bene. Wanda jiri ke ɗiba ko ƙafa ɗaya ba ta ɗaukarsa, kada a yi masa wannan dabarar.

Ku ɗauki awo kafin ku kira kowa. Ana son faɗin matakala ya kai santimita 70 zuwa 75, a kuma sami filin juyawa a sama da ƙasa. Maginanmu ba kullum suke daidaita tsayin taku ba, kuma tayil da aka manna a kan kankare yakan fashe wajen hudawa idan mai aikin bai iya ba. Matakalar da ke waje kuwa sai kujerar da aka yi don waje, mai murfi da kariya daga ruwa. Damina biyu ake yi a Kumasi, ta cikin ɗaki ba za ta jure ba.

Sai maganar ta hannu, wadda ɗa zai sako a kwantena. Miƙaƙƙiya da aka yi amfani da ita saye ne mai ma'ana, in dai ƙarfen ya kai tsawon da ake so, an kuma san ɓangaren da za ta zauna, dama ko hagu. Mai kwana ta hannu kuwa ban ba kowa shawarar ta ba, don ƙarfenta an lanƙwasa shi ne a kan matakalar wani gida, tamkar rigar da aka ɗinka wa wani. Wutar Gana bolt 230 ce, soket ɗinmu irin na Ingila, saboda haka kayan can ba su da matsala. Amurka bolt 120 suke amfani da shi, sai a duba rubutun jikin caja tun kafin a biya. A kan wannan a ɗora kuɗin jirgin ruwa, na kwastan a Tema, na ejan mai fitar da kaya, da na motar da za ta kawo ta Kumasi. Ejan ya ba ku lissafinsa a rubuce kafin kaya su taso. Wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022 ya san dalilin tambayar dillali kwana nawa farashinsa zai tsaya.

Wutar da take ci ba abin damuwa ba ce, ba za ku ji ta a mita ba. Batir biyu masu bolt 12 ne ke tafiyar da ita, wutar gida caji kawai take yi. Idan kamfanin wuta na ECG ya ɗauke wuta za ta yi hawa da sauka da dama kafin ta tsaya, ba za ta bar mutum a tsakiya ba muddin batirin na da lafiya. Amma irin ɗauke wutar nan ta 2015 da ake kira dumso, da ake kwana a wuni babu wuta, yana kashe batir. Haka al'adarmu ta kashe soket don a rage cin kati. Batirin nan idan ya ƙare ƙaf ya daɗe a haka, ba ya dawowa daidai. A bar soket ɗinta a kunne dare da rana, a ajiye ta a wurin cajinta, in kuma za a yi doguwar tafiya kamar aikin Hajji, a kashe ta daga makunnin da ke jikinta. A ƙasashen sanyi batir kan yi shekara uku zuwa biyar, zafinmu yana rage masa kwana. A haɗa mata da na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi, don dawowar wuta ce ke ƙona caja.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne mai gyara. Ana duba ta sau ɗaya a shekara, ƙurar hunturu kuma tana taruwa a haƙoran ƙarfen. Idan mai sayarwa yana Ankara, babban birnin Gana, tafiyar kilomita 250 ce, kuɗin motarsa da kwanansa a kanku. Ku tambaye shi kai tsaye: wa zai zo idan ta tsaya, cikin kwana nawa, batir da caja da rimot suna shagonsa ko sai an yi oda, garantin na shekara nawa ne kuma ya haɗa da kuɗin aiki? Ya nuna muku gidan da ya kafa wata tana aiki. Kujera mai araha da babu mai taɓa ta a ƙasar nan ta fi mai tsada tsada. Katin inshorar lafiya na NHIS ba ya biyan irin waɗannan kaya, komai daga aljihun iyali ne, don haka 'yan uwa su amince tun farko wa zai riƙa ɗaukar kuɗin gyara.

Ba kowane tsoho ta dace da shi ba. Sai mai iya zama a miƙe, ya tashi da kansa ko da ɗan taimako, ya kuma gane makunnin. Mai keken marasa lafiya zai buƙaci keke biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda mantuwar tsufa ta kama yana iya kwance bel a tsakiyar hanya. Masu gashin ƙashi a asibitin Komfo Anokye za su iya duba shi su faɗa muku gaskiya. A gidan haya mai yara da yawa kuwa, a zaɓi mai makulli, a kuma tuna matakalar ta kowa ce, ta nan ake hawa da bokitin ruwa da buhun gawayi.

Kafin a biya ko sisi, a auna ta da saukowa ƙasa. A karɓi ɗaki ɗaya daga hannun ɗan haya idan wa'adinsa ya cika, a yi masa banɗaki mai abin zama da ƙarfen riƙewa, a sa tayil marar santsi. A lissafa kuɗin hayar da za a rasa cikin shekara biyar, a ajiye kusa da kuɗin kujera da batir da gyara. Idan matakala miƙaƙƙiya ce kuma akwai mai gyara a kusa, kujerar na iya yin rinjaye. Idan mai kwana ce, sau da yawa ɗakin ƙasa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai akwai tsohon da ya shekara arba'in a ɗakinsa na sama, saukowa tsakanin 'yan haya a wurinsa zubar da girma ne. A zauna da shi a ce, "Baba, ga kuɗin wannan, ga na wancan, wanne ka fi so?" Idan ya zaɓi kujera, a kai shi ya hau wata ya gwada kafin a yi oda, don akwai waɗanda tsoron kallon ƙasa ke hana su sake zama a kanta.