Kaya da araha, aikin hannu da tsada: wasiƙa daga Jamus

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, da tambayar nan da ka sha yi mini: wai da gaske ne kaya sun fi araha a Turai, in kuwa haka ne me ya sa kullum nake kukan kuɗi ba sa isa? Duka biyun gaskiya ne, kuma bayanin ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

A Jamus, duk abin da inji ya ƙera ko aka ɗinko daga wata ƙasa kusan banza ne. Abin da kuwa sai mutum ya taso ya zo ya yi maka da hannunsa, to sai ka shirya aljihu. Riga mai gajeren hannu a shagunan rangwame ba ta wuce yuro huɗu ko biyar. Aski a shagon da bai cika tsada ba yana kaiwa yuro goma sha biyar zuwa ashirin, ka ga kenan kuɗin aski ɗaya zai saya maka riguna uku ko huɗu. Idan famfo ya lalace ka kira mai gyara, kuɗin zuwansa daban, kuɗin kowace awa daban, kafin ma a yi maganar abin da za a sauya. Takalmi in dundunniyarsa ta cinye, mai gyara zai caje ka kusan kuɗin sabo. Saboda haka mutane ba sa gyara, zubarwa suke yi. Ranar da motar kwashe tarkace za ta zo unguwa, za ka ga kujeru da kabad da katifu jere a bakin titi, wasu ƙusa biyu kawai suke buƙata su koma daidai.

Dalilin tsadar aikin hannu a bayyane yake. Tun 2015 doka ta yanke mafi ƙarancin abin da za a biya ma'aikaci a awa ɗaya. An fara da yuro 8.50, a watan Oktoban 2022 aka kai shi yuro 12, a farkon 2025 ya zama 12.82. Mai shara, mai wankin kwanuka, mai jera kaya a shago, babu wanda doka ta yarda a biya shi ƙasa da haka. To ka auna rigar nan da wannan ma'auni: mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi a ƙasar bai yi aikin rabin awa ba ya samu kuɗinta. Ni dai da haka nake lissafin komai yanzu, awa nawa mutum zai yi yana aiki kafin abu ya zama nasa. Canjin kuɗi ruɗar mutum kawai yake yi.

Sai ka juya wuyan rigar ka karanta ɗan ƙyallen da ke ciki. Galibi Bangaladash ne, ko Sin, ko Turkiyya, ko Kambodiya. A Bangaladash mutane kusan miliyan huɗu ne ke aikin ɗinki a masana'antu, da yawansu mata. A ƙarshen 2023, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta, aka ɗaga mafi ƙarancin albashinsu daga taka (kuɗin ƙasar) 8,000 zuwa 12,500 a wata, alhali ƙungiyoyin ma'aikata 23,000 suka nema. Taka 12,500 ɗin nan bai fi yuro ɗari da 'yan kai ba. Abin da matar da ta ɗinka rigar ke samu a wata guda cur, wanda ya rataye rigar a shago a nan yana samunsa a yini ɗaya. Ita ta yanka, ta haɗa, ta ɗinka, shi kuwa ya ciro daga kwali ya rataye. Ban ce aikinsa ba aiki ba ne, ni ma irinsa nake yi. Amma ba za ka ce ya fi ta wahala sau ashirin ba.

Ka tuna ginin masana'antun ɗinki na Rana Plaza da ya rufta a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangaladash, ranar 24 ga Afrilun 2013? Mutum 1,134 suka mutu. Tun ana gobe aka ga bangon ya tsage, banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. A lokacin mafi ƙarancin albashi taka 3,000 ne, sai bayan wannan musiba aka kai shi 5,300, manyan kamfanonin tufafi na Turai kuma suka sa hannu a yarjejeniyar binciken gine-gine da kariya daga gobara. Gine-ginen sun gyaru sosai. Albashin ne dai yake tafiya da jan ciki.

Nan wasu abokan aikina sukan ce ai maganin abin shi ne a daina sayen irin waɗannan kaya. Ni ban yarda ba. Matar nan ba ta bar ƙauye ta zo gaban keken ɗinki don tana da abin da ya fi shi ba, kuma in aka rufe masana'antar ita ce za ta fara kwana da yunwa. Abin da ke ci mini rai shi ne ladan ɗinki ɗan ƙaramin kaso ne na farashin riga. Mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a hayar shago, da talla, da sufuri, da haraji, da riba. Ko an ninka mata albashi, abin da zai ƙaru a kan kowace riga 'yan santi ne (santi ɗari ne yuro ɗaya), mai saye ba zai ma lura ba. Abin da ya hana shi ne gasa: duk ƙasar da ta ɗaga albashi tana tsoron kamfanoni su naɗe tabarmarsu su koma inda ya fi araha. Habasha ta buɗe babban dandalin masana'antu a Hawassa a 2016 tana jawo masu zuba jari da arahar ma'aikata, har wani bincike na Jami'ar New York a 2019 ya nuna ainihin albashin masu ɗinki a can dala 26 ne a wata.

Na san me za ka ce, Yaya, domin kowa haka yake cewa: ai rayuwa a irin waɗannan ƙasashe ta fi sauƙi, kuɗi kaɗan yana biyan buƙata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Aski ya fi araha, hayar ɗaki ta fi araha, dako ya fi araha. Amma duba su da kyau, duk abubuwa ne da wani talakan yake sayarwa, arahar tasu kuma daga ƙarancin ladansa ta fito. Wayar salula, maganin asibiti, man fetur, takin zamani, siminti, kayan gyaran mota, waɗannan farashinsu na kasuwar duniya ne, ba ruwansu da albashin mai saye. Wani lokaci ma sun fi tsada a ƙasar matalauta saboda kuɗin fito da faɗuwar darajar kuɗi. Wayar da ma'aikaci a nan zai saya da aikin kwana biyu, mai ɗinki a Dhaka sai ta ba da albashin wata biyu. Talakan ƙasa matalauciya yana sayar da ƙarfinsa a farashin gida, yana sayen kaya a farashin duniya. A ganina nan ne tushen talaucinsa.

Kuma ba ƙwarewa ce ta raba su ba. Wanzamin da ke aske ni a nan ɗan gudun hijira ne daga Siriya. Hannun nan nasa, da almakashinsa, su ne ya zo da su, bai koyi wani sabon abu a hanya ba. Iyaka kawai ya tsallaka, ladansa ya ninka sau da yawa, saboda yanzu yana aske mutanen da ke aiki a kamfanonin motoci da na injina, kuma in ba a biya shi da kyau ba shi ma can zai nufa. Masanin tattalin arziki Branko Milanovic, wanda ya daɗe a Bankin Duniya, ya nuna cewa fiye da rabin bambancin samu tsakanin mutanen duniya ya rataya ne a kan ƙasar da mutum yake zaune. Wanda ya yi aiki a wurare biyu ba ya buƙatar a kawo masa hujja.

Cakulan ma haka. Kwaddibuwa da Gana su ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma a nan ne za ka ga an jibge cakulan a bakin wurin biyan kuɗi, farashinsa bai kai aikin minti goma ba. A 2019 ƙasashen biyu suka haɗa kai suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan don manomi ya samu abin rayuwa. A 2024 farashin tan ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, amma manomi bai ga yawancin kuɗin ba, domin an riga an yanke masa farashi kuma an sayar da amfanin tun kafin girbi. Kofi kuwa, Jamus ba ta da ko bishiya ɗaya, amma tana cikin manyan masu fitar da gasasshensa, gwamnati kuma tana karɓar harajin yuro 2.19 a kan kowane kilo.

Kada ka ɗauka nan aljanna ce. Albashin da ake faɗa da wanda ke shiga asusu ba ɗaya ba ne: a cire haraji, a cire fansho, a cire inshorar lafiya da ta rashin aiki. Abin da ya rage, haya takan cinye kashi ɗaya cikin uku, a birane irin su Munich ko Frankfurt har ta fi haka. Fiye da rabin magidanta a gidan haya suke, kuma kashi goma cikin ɗari na masu hannu da shuni sun mallaki fiye da rabin dukiyar ƙasar. Akwai wani abu da har yanzu ban saba da ganinsa ba. Yawancin robobin lemo suna da ajiyar santi 25 kowace ɗaya, da ake mayar maka in ka kai ta inji a shago. To za ka ga tsoho, da kwat ɗinsa a goge, riƙe da ɗan tocila, yana leƙa kwandon shara a tashar jirgi yana neman roba, saboda fanshonsa bai kai ƙarshen wata. Mutane har sukan ajiye robar a gefen kwandon don kada ya sa hannu cikin ƙazanta. Akwai kuma ƙungiyar Tafel, wadda ta faro a Berlin a 1993, tana tattara abincin da shaguna za su zubar tana raba wa mabuƙata, layinta kuwa ba ya gajarta.

Ayyukan da 'yan ƙasa ba sa so, baƙi ake kawowa. Girbin kayan lambu da aikin mayanka yawanci 'yan Romaniya da Bulgeriya da Folan ne. Sai da korona ta ɓarke a mayanka a 2020 aka ga yadda 'yan kwangila ke cusa su a ɗakuna, sannan aka hana ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila a wannan sana'a daga farkon 2021. A 2021 ɗin ne kuma babbar kotun ƙwadago ta yanke hukunci a ƙarar wata 'yar Bulgeriya mai kula da tsohuwa dare da rana, cewa dole a biya ta har lokacin da take zaman jiran a kira ta. Wannan shi ne bambancin da na gani: zalunci akwai shi, amma akwai inda za ka kai ƙara a saurare ka ko da kai baƙo ne.

Abin da kuma ya fi albashin kansa amfani shi ne abin da ba ka saya da kanka. In ka kwanta ciwo, wanda ya ɗauke ka aiki zai ci gaba da biyanka cikakken albashi har mako shida. Hutun shekara da biya aƙalla kwana ashirin ne ga mai aikin kwana biyar a mako. Ruwan famfo ana sha, wuta ba ta ɗaukewa, makarantar gwamnati kyauta ce. A ƙasar da waɗannan ba sa aiki, talaka shi zai sayi ruwa, ya sayi haske, ya biya makaranta, ya biya asibiti, duk daga ɗan albashin nan, kuma jinya ɗaya ta isa ta share tarin shekara goma. Shi ya sa idan Bankin Duniya ya ce layin matsanancin talauci dala uku ne a rana, kamar yadda ya sabunta a 2025, nake ganin wanda ya haura layin da kaɗan ma bai tsira ba.

Game da maganar ko in turo kaya ko kuɗi: ƙananan kayan lantarki zan ba wani mai tahowa, domin nan sun fi araha kuma sun fi inganci. Sauran zan turo kuɗi, amma a dunƙule ba kaɗan-kaɗan ba. Kamfanonin tura kuɗi suna cin kusan kashi shida cikin ɗari a matsakaicin lissafi na duniya, zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ma ya fi haka, duk da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin a sauke shi ƙasa da kashi uku kafin 2030. Ka sanar da ni wanda ya fi gaggawa kafin ƙarshen wata.

A gaishe mini da Inna da yara duka.

Ƙaninka.