Direban Tseren Yanki a Amurka: Zama a Gida ko Hawa Matakin Ƙasa

Direban da ya yi suna a ƙananan filayen tseren motoci na kudu maso gabashin Amurka, irin su South Boston a jihar Bajiniya, hanyoyi biyu ne a gabansa, kuma Lee Pulliam da Josh Berry sun nuna yadda kowacce take.

Pulliam ya tsaya a matakin yanki, inda ya lashe kambun ƙasa na gasar mako-mako ta NASCAR, hukumar da ke shirya tseren motoci a Amurka, har sau huɗu, a 2012 da 2013 da 2015 da 2017, daga baya kuma ya mayar da hankali kan tawagarsa, yana shirya wa matasa motoci. Wannan hanya tana barin mutum kusa da iyalinsa, amma kyautar tsere ba ta cika rufe kuɗin taya da inji ba.

Hanyar Berry ta fi tsawo da wahala. Ya shafe kusan shekara goma yana tuƙa motar Late Model, irin wadda ake tsere da ita a ƙananan filaye, ta tawagar shahararren direba Dale Earnhardt Jr. kafin ya ci wannan kambu na gasar mako-mako a 2020. Sai a 2021, yana da shekara 30, ya yi nasara a filin Martinsville a gasar Xfinity, mataki na biyu a gasannin NASCAR na ƙasa, a 2024 ya gaji kujerar fitaccen direba Kevin Harvick a babbar gasar Cup, sannan ya ci tserensa na farko na Cup a Las Vegas a 2025. A ganina, gwaninta kaɗai ba ta kai shi can ba, domin a matakin ƙasa kujera takan tafi ga wanda ya zo da kuɗin masu talla, shi kuwa ya samu ubangida mai haƙuri.