Takalmin gasa ko na atisaye: wanne ya dace da mai gudu a Damagaram?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin takalmi ɗaya ke hannunka, kana son sanin ko mara nauyi na gasa za ka saya, ko na atisayen yau da kullum. Ni dai na atisaye zan ce maka.

Na gasa, irin su Nike Vaporfly da ya fito a 2017, nauyinsa wajen giram 200 ne. Sosonsa mai laushi ne, a ciki kuma akwai farantin kabon, wato wani siririn abu mai tauri mara nauyi, da ke cilla ƙafa gaba. Da takalmi mai kama da shi ne Eliud Kipchoge, ɗan tseren Kenya, ya yi gudun kilomita 42 ƙasa da awa biyu a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2019, har hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade iyakar kaurin tafin takalmin gasar titi a milimita 40 a 2020. Amma don kwalta mai santsi aka ƙera shi. Robar ƙasansa siririya ce, sosonsa yana saurin mutuwa, ga tsada. Tudun tafinsa kuma kan sa idon sawu ya yi rawa a wurin da bai daidaita ba.

To, ina kake gudu? In ka bi hanyar Mirya ko ta Tanut da asuba, rabin tafiyar a gefen titi za ka yi ta saboda motoci da babura: rairayi, tsakuwa, ga tsidau da ƙarangiya. Lungunan Birni kuwa duwatsu ne. Nan ne na atisaye, kamar Nike Pegasus ko Asics Cumulus, yake cin kuɗinsa. Ya fi nauyi, kusan giram 280, amma tafinsa faffaɗa ne, robarsa mai kauri, yakan kai kilomita 500 zuwa 800 kafin ya mutu. A zafin bazara ka nemi mai raga a sama don ƙafa ta sha iska, ko da yake ragar na shigar da ƙurar hunturu.

In a kasuwar Dole za ka saya cikin gwanjo, kada fentinsa ya ruɗe ka. Danna soson da babban yatsa; in bai taso ba, ya mutu. Ajiye shi a ƙasa ka ga ko dunduniyar ta karkace. Sabo fil mai arha da sunan Vaporfly kuwa, ka yi zargin jabu ne. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, ka bar faɗin yatsa ɗaya a gaba.