Kula da rukunin gidaje: aiki da kamfani ko da ƙungiyar mazauna?

Matasa da dama sun tambaye ni: aikin kula da rukunin gidaje a Abuja, irin na Lokogoma ko Lugbe, gara a yi shi a ƙarƙashin kamfani ko ƙungiyar mazauna?

Wajen albashi, kamfani ya fi tsari. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma ma'aikacin kashi 8. A ƙungiya kuwa, albashinka na jiran kuɗin hidima da mazauna ke biya. In suka yi jinkiri, man janareta ake fara saya, kai ka biyo baya.

Sai dai ma'aikacin kamfani yakan shiga tsaka-mai-wuya. Injin burtsatse ya lalace da tsakar dare, mazauna na ta kiran wayarka, wanda zai sa hannu kan kuɗin gyara kuma sai gobe a ofis. A ƙungiya, ka kira shugaba a gama magana. Amma fa kowane mai gida ubangidanka ne, kuma sabon zaɓe na iya tafiya da kai.

Mai iyali da ke neman tabbas da ƙarin girma, kamfani ya fi dacewa da shi. Mai haƙuri, wanda ya iya zama da mutane, zai fi jin daɗin ƙungiya.