Ƙafar da hoto bai ga ciwonta ba

Shekara biyu maiɗakina tana jan ƙafar hagu kafin mu taso zuwa Ingila, kuma a jakarmu akwai hoton ƙwaƙwalwa da na ƙashin baya, duka suna nuna lafiyarta ƙalau. Likitan ƙarshe da ya duba ta a gida ya ɗaga hoton ya kalla, sannan ya dube ni, ba ita ba, ya ce, "Alhaji, ka daina biye mata." Har yau ina ganin yadda ta sunkuyar da kai.

Don haka ban sa rai da komai ba ranar da muka shiga wurin likitar unguwarmu a nan, inda minti 10 kacal ake ba mutum. Ta kwantar da ita, ta sa tafin hannu a ƙarƙashin diddigen hagu ta ce ta danna, amma da ƙyar ƙafar ta motsa. Sai ta ce ta ɗaga ƙafar dama, ita kuma tana danne ta da ɗaya hannun, kuma a kan idona diddigen hagun nan ya danne hannun likitar da ƙarfinsa. Gabana ya faɗi, domin na ɗauka an kama ta da ƙarya ke nan. Maimakon haka likitar ta maimaita gwajin don maiɗakina ta gani da idonta, ta bayyana mata cewa jijiyoyin ba su lalace ba, matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke aika umarni, shi ya sa motsin da ake yi da niyya ya tsaya alhali wanda ke zuwa da kansa yana aiki. Ta ce tana zaton ciwon da ake kira FND ne, wato tangarɗar aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba tare da sun lalace ba, kuma ba ƙirƙira ba ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin nan, alamar Hoover, tun 1908 wani likitan Amurka ya bayyana shi, kuma ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Tun 2013 ma aka daina sharɗanta cewa sai an gano wata damuwa a rayuwar majiyyaci kafin a tabbatar da ciwon. Mu kuwa mun fi yarda da likitan da ya rubuta doguwar takardar magani ya sa ƙarin ruwa, idan hoto ya fito babu komai kuma sai a juya wa mara lafiyan baya.

Kada dai a ɗauka komai daɗi ne. Sai ka tashi ƙarfe takwas kana ta buga waya kafin ka samu layi, kuma watanni muka yi muna jiran likitan jijiyoyi ya tabbatar da abin da aka gani a minti 10. A watannin nan babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce yaya mai jiki, har na yi kewar 'yan'uwan da surutunsu ke gundura ta.

Ko ƙwaya ɗaya ba a ba ta ba. Mai gashin ƙashi ya riƙa sa ta tafiya da baya, ko tana tafe tana ƙirga lambobi, don hankalinta ya bar kan ƙafar, kuma an haɗa ta da mai ba da shawara kan tunani, wanda da farko ta ƙi zuwa. Yanzu takan kai yara makaranta da ƙafarta, sai dai ranar da ta gaji sosai ƙafar takan koma ja.