pgloader ya raba min rigimar sunayen fihirisa

Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin jigilar masu Umara a Jidda. Ana saura wata biyu azumi maigida ya ce mu kwashe rumbun bayananmu daga manhajar adana bayanai ta MySQL mu koma takwararta PostgreSQL kafin aiki ya yi mana yawa.

Da hannu na fara. Teburin maniyyata ya shiga lafiya, amma da na zo kan na direbobi sai aiki ya tsaya cak da saƙon relation "waya_uq" already exists, wato wai tuni akwai wani abu mai wannan suna. Na duba, ba wani teburi mai wannan suna. Sai bayan Isha'i na gano bakin zaren. A tebura biyun na sa sharaɗin hana maimaita lambar waya, kuma suna ɗaya na ba su. MySQL bai damu ba, don a wurinsa sunan fihirisa (jerin da ke saurin gano bayani a teburi) na teburinsa ne kaɗai. Shi kuwa PostgreSQL, da zarar ka sa irin wannan sharaɗi sai ya gina fihirisa da sunan sharaɗin, kuma fihirisa da tebura duk kundin suna ɗaya suke ci a cikin sikima, wato sashen rumbun da ke tattara tebura. Tebura tara na ƙirga masu wannan matsala.

Wani abokin aiki ɗan Sudan ne ya nuna min pgloader, manhajar kyauta ta Dimitri Fontaine mai kwashe bayanai zuwa PostgreSQL. Umarni ɗaya na rubuta, adireshin tsohon rumbu da na sabo. Da kansa ya sauya wa kowane fihirisa suna, ya maƙala masa idx da lambar teburinsa a gaba, karon ya ƙare. Wallahi na ji daɗi.

Sunayen dai ba su da daɗin karantawa. Akwai zaɓin preserve index names mai barin sunayen asali, amma kada ka taɓa shi sai ka tabbata ba biyun da suka yi kama.

Mu da ke Saudiyya mu kula: PostgreSQL yana datse suna a bayit 63 (bayit ma'aunin girman rubutu ne a kwamfuta), harafin Larabci kuma bayit 2 yake ci. Dogayen sunaye biyu masu farko iri ɗaya sai su koma ɗaya bayan datsewa. Tun daga ranar, sunan teburi nake sawa a farkon kowane sharaɗi, a gajarce: direbobi_waya_key.