Laftof mai mutuwa wajen tashi: gwajin MemTest86 ko gwajin hannu?

Ɗan'uwa, ka ce laftof ɗinka ta wasanni mai baret biyu na RAM, wato ƴan allunan ƙwaƙwalwar aiki da ake cusawa a cikinta, tana kawo shuɗin allo da zarar Windows ta fara tashi, wani sa'in kuma fanka ta yi ta juyawa allo baƙi ƙirin. Kana tambaya ko ka gwada ta da manhaja ko ka buɗe cikinta. Abin da zai raba maka gardama shi ne ko tambarin kamfani yana fitowa in ka kunna.

In yana fitowa, fara da manhaja. Kafin nan duba rubutun da ke ƙasan shuɗin allon. In yau MEMORY_MANAGEMENT ne, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, jibi IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, to zargi ya karkata ga RAM, domin direba, wato manhajar da ke sarrafa wani sashe na kwamfuta, in marar kyau ne yawanci saƙo guda yake ta maimaitawa.

Windows tana da nata gwajin, ana kiran sa da mdsched.exe, amma yana barin ƙananan kurakurai su wuce. MemTest86 na kamfanin PassMark ya fi shi nesa ba kusa ba. A wata kwamfuta lafiyayya za ka ɗora shi a kan kile USB, wanda zai share duk abin da ke cikinsa. Sai ka tada laftof ɗin daga kilen: F12 a Lenovo, Dell da Acer, Esc a ASUS, F11 a MSI, F9 a HP. MemTest86 na kyauta yana yin zagaye 4, kuma a kan 16 GB yana cin awoyi. Ka bar shi ya gama, don wasu kurakuran ba sa fitowa sai RAM ta ɗau zafi. Kuskure ko guda ɗaya ne, matsala ce. Ka cika batiri tun da farko saboda ɗaukewar kuran, ka kuma ɗora ta a kan tebur, ba kan katifa ko darduma ba. A bazarar Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, laftof ɗin da aka toshe wa iska za ta kashe kanta tsakiyar gwaji, ka ɗora wa RAM laifin da ba nata ba.

Raunin manhajar shi ne takan gaya maka akwai ciwo, ba lalle ta nuna maka wurinsa ba. Baret biyu suna aiki ne tare, ana rarraba bayanai tsakaninsu, shi ya sa adireshin kuskuren ba ya nuna wanne ne cikinsu. Kuma ramin da ake sa baret ɗin, ko sashen furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta, mai kula da RAM, in ya lalace, irin wannan kuskuren zai bayar.

Nan gwajin hannu ya fi ƙarfi, kuma in allo baƙi ne shi kaɗai ya rage maka. Kashe laftof ɗin, cire wayar caji, kwance murfin ƙasa. Ka jera kusoshin yadda ka ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere yana iya huda abin da ke sama. Zare wayar batiri daga uwar allo, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa komai a ciki, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki. Ƙananan ƙarafa biyu ne ke riƙe da baret a gefe da gefe. In ka buɗa su waje zai ɗago da kansa a karkace, kamar digiri 30. Riƙe shi ta gefuna. Dubi haƙoransa masu ruwan zinare: in sun dushe ko ƙura ta kwanta, goge da alkol isopropil na kashi 90 ko sama, ka bari ya bushe. Kada ka hura da baki.

Sai gwaji huɗu: baret na farko shi kaɗai a rami na farko, sannan a na biyu, haka ma ɗayan. In baret guda ya faɗi a ramuka biyun, shi ne ya mutu. In duka biyun sun faɗi a rami guda, ramin ne, sayen sabuwar RAM asarar kuɗi ce. In kowanne ya yi lafiya shi kaɗai amma sun ƙi zama tare, ba su dace ba ne, abin da aka saba gani in an ƙaro na hannu daga kasuwa ba a duba gudunsa ba. Maida BIOS, wato saitin uwar allo, yadda ta zo daga kamfani, ka kashe XMP mai ƙara wa RAM gudu in akwai. Baret ɗin da ya tada Windows ma kada ka yarda da shi sai ya wuce MemTest86 shi kaɗai.

Abu biyu ke ruɗa mutane a nan. RAM samfurin DDR5 takan bar allo baƙi na ƴan mintuna a tashin farko bayan an taɓa ta, tana daidaita kanta, don haka a yi haƙuri kafin a yanke hukunci. Wasu laftof kuma, irin ROG Zephyrus G14 na 2020 zuwa 2023, wani ɓangaren RAM ɗinsu a liƙe yake a uwar allo. In ka cire baret kuskure bai tafi ba, aikin mai gyaran uwar allo ne. Wadda ke da garanti kuwa, a karanta sharuɗɗansa kafin a kwance kusa ko guda.

Wajen sayen sabo, ka tafi da tsohon a aljihu. DDR4 na laftof haƙora 260 gare shi, DDR5 262, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, ba sa shiga ramin juna. Nemi mai girma da gudu irin na wanda ya rage, kamar 3200 da 3200, ka kuma sa mai shago ya yarda za ka maido in ya faɗi gwaji. Da baret guda za ka iya ci gaba da aiki kafin nan, sai dai wasanni za su rage gudu. Bayan an canza, buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin mai iko (administrator) ka rubuta sfc /scannow, saboda RAM marar lafiya takan ɓata fayilolin Windows, shuɗin allon ya ci gaba ko da an sa sabuwa.